Tutun ɗorawa, watan azumi da shekarun mahaifinki

Wata 'yarmu, malamar firamare a unguwar Rikkos ta Jos, ta aiko da tambaya mai rassa biyu. Ta ce: "Baba, takardar shekarun mahaifina ta ce 1 ga Janairu 1965, amma shi kansa ya san ƙiyasi aka yi a kotu lokacin da zai kama aiki. Kakata, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa riƙe kalanda ba. Abin da take faɗa kullum shi ne ta haife shi a wani barikin kuza wajen Bukuru, ana azumi, ɗorawa ta yi tutu, kuma tana goye da shi aka yi bikin samun mulkin kai. Da gaske ana gane lokaci da furen itace, ko zancen tsofaffi ne kawai? Sannan bana mangwaron gidanmu ya yi huda tun Nuwamba, maƙwabta na cewa damina za ta sauka da wuri. Haka ne?"

Amin, Allah ya kai haske kabarinta. 'Yata, kakarki ta bar muku ranar haihuwar da ta fi ta kotu kusa da gaskiya, kuma in kin yi haƙuri da surutun tsoho za mu lissafa ta tare kafin in ajiye alƙalami. Maƙwabtanki kuwa sun yi kuskure, amma irin na masu lura: sun sami shaida na gaskiya, suka yi masa tambayar da ba tasa ba. Mangwaro ba ya duba. Labarin abin da ya riga ya faru yake bayarwa.

Na yi shekara talatin da 'yan kai a aikin gandun daji a nan Filato, yawanci a wurin renon dashe, inda in ka kuskure makon da iri ya nuna a kan uwa, to sai baɗi. Dole ce ta sa na fara rubuta ranar da kowace bishiya ta yi fure, sha'awar daga baya ta zo. Littattafan na nan a akwati, gara ta ɗanɗana biyu.

Mutanenmu ba don rashin kalanda suka koma ga itatuwa ba. Suna da ita, amma ta ibada ce. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi ke zagaya yanayi, sai bayan wajen shekara 33 ya dawo inda ya taso. Kin tuna azumin 2012 da aka kama a Yuli, ana shan ruwa sama na zubar da nata? Na 2025 kuwa ranar 1 ga Maris aka tashi da shi, leɓe na tsagewa. Manomin da ya ce shi a Rajab yake shuka, shekara biyar ta isa ta raba shi da rumbu. Malamai sun warware wannan da lissafin taurari: masauki 28, kowanne kwana 13, ɗaya 14, jimla 365, an raba su bakwai-bakwai tsakanin bazara, damina, kaka da ɗari. Wanda bai yi wannan karatu ba yana da Kaza da 'Ya'yanta a sama, wadda ɓacewarta da yamma ke zuwa daidai da faɗuwar damina, yana kuma da itatuwa a ƙasa. Har sunayen 'ya'ya kalanda ne. In kin ji Shibkau, Nomau, Anaruwa ko Marka, an gaya miki abin da gari ke ciki ranar da aka yanke cibiyarsu.

Sai dai kada ki ɗauko kalandar Kano ki shimfiɗa ta a Jos. Muna zaune a kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, duwatsun Shere sun haura 1,800, kuma duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kimanin digiri 6. Abuja ba ta kai rabin tsayinmu ba. Ruwanmu na shekara ya kusa milimita 1,400, yana farawa wajen Afrilu ya kai Oktoba. Saboda haka bazararmu gajeriya ce, daminarmu doguwa, ɗarinmu kuwa kowa ya san shi. Gawo, wanda ke kaɗe ganye in ruwa ya sauka ya yi kore shar da rani, agogo ne babba ga manomin Katsina da Damagaram, amma nan bisa tudu sai ki yi ta yawo ba ki gamu da shi ba. Ko cikin jihar ma, ɗorawar Shendam da ta Barikin Ladi ba rana ɗaya suke tutu ba. Kalandar itace ta gari-gari ce.

Cikin tsirran da na bibiya, waɗanda suka fi riƙe alkawari su ne masu auna tsawon dare. Mutane kan yi mamaki, wai ai nan dare da rana kusan ɗaya suke duk shekara. Kusan ne, ba daidai ba. A Jos yini mafi tsawo, a Yuni, ya fi mafi gajarta na Disamba da awa ɗaya da 'yan mintoci. Dubi jadawalin masallacinku: a Nuwamba wajen ƙarfe 6 ake kiran magariba, a Yuli sai 7 saura. Ke da ni sai da agogo muke lura, amma ganye na gane bambancin mintoci kaɗan.

Babban misali na cikin gona, dawa. Ɗauki irin gargajiya, farafara ko kaura, ki shuka wani a Mayu, wani a ƙarshen Yuni. Na farko zai yi tsawo har ya wuce ɗaki, na biyu ya tsaya gajere, amma kusan tare za su yi ciki su fid da kai, daidai lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa. Ba kwanakin da suka yi a ƙasa suke ƙirgawa ba, jira suke dare ya kai tsawon da suka gada. Masu bincike a Samaru ta Zariya sun tabbatar da haka tun shekarun 1960: dawar kowane yanki tana fid da kai daidai da ƙarshen daminar yankinta, kuma in an ɗauke ta an kai kudu ko arewa sai lissafin ya rikice, ko ta yi bununi cikin ruwa ƙwaya ta yi baƙi, ko ruwa ya ɗauke ya bar ta da ciki. Wannan ba aikin bature ba ne, aikin kakanni ne da suka yi ɗaruruwan shekaru suna ware zangarniyar da ta dace suna ajiyewa iri. Maiwa, da dauron da ake dasawa a yankin nan, su ma haka suke, ba kamar gero ba da yake sauri ya gama abinsa. Yakuwa ma sai dare ya fara tsawo take fure ta ba da zoɓo.

A cikin gari kuma akwai baƙi biyu daga Meziko da suka zama 'yan gida. Ɗaya shi ne dogon ciyayin nan mai fure rawaya kamar ƙaramin faranti, mai ɗacin ganye, wanda ke cika gefen hanya da bakin rafi a Oktoba da Nuwamba. Manoma ba sa ƙaunarsa, ni ma haka, don yana cinye wuri, amma ban taɓa kama shi da saɓa lokaci ba. Ɗayan shi ne fonsetiya, wanda maƙwabtanmu Kirista ke kira furen Kirsimeti, mai jan kai a Nuwamba zuwa Janairu. Jan nan ma ba fure ba ne, ganye ne ya rine, furen na tsakiya, ƙanana kamar ƙwayar dawa. Akwai wani a gidan da na taɓa zama a Tudun Wada, mai gidan ya sa fitilar tsaro a kusa da shi. Disamba ta zo, ɓangaren da ke duhu ya yi ja wur, ɓangaren fitila ya tsaya kore kamar ba jikinsu ɗaya ba. Fitila ta yanke masa dare, shi kuwa a ganinsa har yanzu ana damina. A daji kuma kyasuwa ce ke yin ja-ja, gamba ta fid da kai. In kin ga waɗannan, ko hadari na ta haɗuwa, damina ta naɗe tabarma.

Tsuntsaye masu doguwar tafiya su ma 'yan wannan layin ne. A Laminga, gefen dajin Amurum, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos. Sun daɗe suna sa wa wani ɗan tsuntsu mai farar gira zobe a ƙafa, masana na ce masa wincat, jikinsa bai cika tafin hannu ba. Yana iso mana wajen Satumba da Oktoba, ya yi rani a gonakinmu yana tsalle kan karan dawa, ya tashi a Afrilu. 'Yar na'urar da suka goya wa wasu ta nuna gabashin Turai suke zuwa su yi ƙwai, kuma da yawa cikin waɗanda suka rayu gonar da suka bari suke dawowa, ba ta kusa da ita ba. Wanda zai ƙetare Sahara ba ya jiran ganin hadari, agogonsa na cikin jikinsa.

Yanzu mu shiga ɗari, inda kakarki ta tsayar da mu. Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne, manyan itatuwanmu ba sa fure lokacin da ruwa ya wadata, sai ƙasa ta bushe ƙayau, hazo ya rufe duwatsu. Gurjiya ta kaɗe ganye tas, sannan ta fito da jan fure mai kauri kamar an ƙera da kakin zuma. Minjirya, da ake kafa shinge da ita, ta yi tsinin ja a kan busassun rassa. Rimi ya buɗe farin furensa da dare. Kaɗanya ta cika wuri da ƙanshi da kukan zuma. Duk tsakanin Disamba da Maris. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Suna da ajiyar ruwa a gangar jiki, saiwarsu kuma ta yi nisa a ƙasa. In babu ganye, tsuntsu da ƙudan zuma na hango fure daga nesa. Audugar rimi da ta gurjiya na bukatar busasshiyar iska ta ɗauke ta da iri a ciki, wadda ruwa ya jiƙa ba ta zuwa ko'ina. Uwa-uba, fure a Janairu na nufin iri ya nuna a Afrilu ko Mayu, ya faɗi a ƙasar da ke shirin jiƙewa, ɗan tsiro ya sami damina sukutum kafin ya gamu da ranin farko.

Ɗorawa ce sarauniyar wannan lokaci, kuma ina so ki je ki gan ta da idonki, don gani ya kori ji. Ki sami wata da yamma a Fabrairu, bayan la'asar sakaliya. Za ki ga ƙwallaye ja suna reto a kan dogayen igiyoyi, kowanne kamar lemon tsami, kai ka ce tuntun hular dogari. Wannan ne tutu. Ki ɗauki wanda ya faɗo ki duba: ba fure ɗaya ba ne, ɗaruruwan ƙananan furanni ne a cushe, kuma ta sama, wajen wuya, akwai wani zobe da ke tsatsar ruwan zaƙi. Da rana ba abin da yake yi. Sai magariba ta yi furannin ke buɗewa, ruwan zaƙin ya taru har ya ɗiga, jemagu su fara sintiri. Jemage zai kama tutu da ƙafa da fiffike, ya lasa na daƙiƙa biyu, ya saki, ƙirjinsa duk garin fure, ya faɗa wa na gaba. Da asuba ƙudan zuma su zo su kwashe saura. Kafin hantsi tutun jiya ya yi laushi ya fara zuba, yara na tsotsa a hanyar makaranta. Dare ɗaya ke nan aikinsa, amma bishiyar kan yi makonni tana fid da sababbi.

Ki lura da yawan sunayen da Bahaushe ya ba abin da ke kan bishiyar nan ɗaya: gunda kafin ya buɗe, tutu in ya buɗe, sabada in 'ya'ya sun fito sirara, garda in sun yi girma ba su nuna ba, sannan ɗorawa mai gari rawaya, da kalwar da za a yi daddawa, da makubar da ake shafe daɓe da katanga. Mutanen da suka yi wa abu suna a kowane mataki ba kallon banza suke masa ba. Da kakarki ta ce "ta yi tutu", ba ta ce sabada ba, ba ta ce garda ba. Ta san abin da ta faɗa. Ɗorawa takan motsa da mako biyu ko uku daga shekara zuwa shekara, gwargwadon yadda ruwa ya ɗauke, amma ba ta tsallake watanninta.

Akwai kuma mai ƙirge daga ranar gobara. In kin bi ta wurin da aka ƙone daji, bayan 'yan makonni za ki ga fure rawaya mai faɗi zaune a kan baƙar toka, ba ganye ba kara, kamar wani ya yar. Rawaya ke nan, wadda ake rini da saiwarta. Tofa ma bayan wuta take fid da farin gashinta. Su waɗannan ba za su gaya miki wata ba, za su gaya miki yaushe mafarauta ko makiyaya suka kunna ashana. Na sha ganin gefe ɗaya na hanya ya yi fure a Disamba, ɗaya gefen sai Fabrairu.

To, mangwaronku. Shi baƙo ne daga Indiya, kuma bai damu da tsawon dare ba. Abu biyu yake jira. Na farko, ƙasa ta bushe ya daina fid da sabon toho, rassa su huta su ƙosa. Na biyu, sanyin dare ya sauka a kan waɗannan rassa da suka huta. In sun haɗu, idon da zai zama ganye sai ya zama huda. Don haka hudar Nuwamba na nufin ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan: ko ruwa ya ɗauke da wuri a unguwarku, ko sanyi ya yi sammako, ko bishiyar ba ta yi 'ya'ya sosai bara ba ta shigo bana da ƙarfinta, don mangwaro kan yi shekarar yawa da shekarar hutu. Wani lokaci ma irinsa ne kawai mai gaggawa. Duk waɗannan labarin Satumba da Oktoba ne. Ruwan Afrilu kuwa yana hannun wani abu da bai riga ya faru ba: yadda iska mai laima daga tekun Atilantika za ta ture busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa, wanda shi kuma ya danganta da ɗumin teku da zafin ƙasa a watannin da ke gaba. Bishiyar da ke tsakar gida a Rikkos ba ta da hanyar sanin wannan. Abin da ta yi muku alkawari shi ne mangwaro da wuri, wata uku zuwa huɗu bayan huda, in hazo mai ƙarfi bai kaɗe ta ba, in kuma yaran unguwa sun bari. Mai son hasashen damina ya saurari wanda hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa farkon kowace shekara, shi ma ya riƙe shi da hannu biyu-biyu, don hasashe ne.

In zafi ya fara, gari kan yi ado. Jakaranda, 'yar Kudancin Amurka da Turawan kuza suka so a gidajensu, ta zubar da shuɗin fure a tsofaffin unguwanni. Marga ta rataya zarori rawaya a gefen duwatsu. Can wajen Afrilu da Mayu bishiyar nan mai faɗin kai 'yar asalin Madagaska ta kama da ja kamar gobara, wadda ta cika titunan Abuja. Kuka da sauran manyan itatuwa su fara toho tun ba a ga ɗigo ba. Nan ne masu cewa itace na duba suke samun hujja, kuma ban ga laifinsu ba. Amma abin da ke faruwa shi ne yini ya fara tsawo, zafi ya ƙaru, iska ta juya ta fara ɗauko laima. Itacen ya ji iskar da ta riga ta iso ne, kamar yadda tsofaffi ke ji a gwiwa. Shamuwa ma haka. Takan yi watannin raninmu a kudancin Afirka inda ake damina, sannan ta biyo gaban ruwa zuwa arewa tana cin fara. Ganinta na nufin ruwa na bayanta a hanya. Bai nuna zai zauna in ya zo ba. Wajen wannan lokaci ne maƙwabtanmu Birom ke bikin Mandyeng na tarbar damina.

Bambancin zuwan ruwa da zamansa, da kuɗin wani na koye shi. Wata shekara aka tafka ruwa a ƙarshen Maris, kamar da bakin ƙwarya. Kwana uku albasar kwaɗi ta ɓullo da farin furenta, shinge, garar nan mai fiffike, ya fito ya rufe fitilu, yara na bi da kwano, na kuma ga shamuwa biyu a kan wani rimi. Ƙanin matata, mai gona wajen unguwar Mista Ali, ya zo ya ce, "Yaya, ku ne masana, in zuba masara?" Na buɗe littafina, na ga shaidu uku sun haɗu, na ce zuba. Ranar shuka na bi shi gonar. Wani dattijo maƙwabcinsa na zaune a kan kunya bai taɓa fartanya ba. Na ce, "Baba, ba za a shuka ba?" Bai amsa ba. Ya tona ƙasa da hannu har wuyan hannunsa ya shige, ya ɗebo ta ƙasan ya murza, ta zube kamar gari. Ya ce, "Ɗana, danshin sama bai gaisa da na ƙasa ba tukuna." Masara ta fito gwanin sha'awa, ruwa ya ɗauke kusan mako uku, ta ƙone ƙurmus. Sai da aka sake sayen iri. Har yau in mun haɗu a wurin suna ko ɗaurin aure yakan tambaye ni lafiyar shamuwa.

Laifin ba na albasar kwaɗi ba ne. Ita tana da albasa a ƙasa cike da abinci, ruwa ɗaya ya ishe ta, in an yi fari ba abin da ta rasa. Shinge ma ruwa ɗaya yake jira ƙasa ta yi laushi. Gaskiya suka faɗa, an yi ruwa. Ni ne na ƙara musu da abin da ba su ce ba. Masana aikin gona na da ma'aunin da suke yawan amfani da shi a yankinmu: a sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku, kuma kada a yi kwana bakwai a jere ba ruwa cikin kwana 30 da ke biye. Ki dubi rabin ƙarshe na wannan sharaɗi da kyau. Su ma sai bayan wata guda suke iya cewa ranar kaza damina ta fara.

Damina kanta ba ta da wuyar karantawa. Kaɗanya na faɗuwa farkonta. Gatarin kurege, mai fure ja da rawaya kamar harshen wuta, na hawa shinge a tsakiyarta, kuma ki hana yara taɓa saiwarsa, guba ce. Marka ta zo a Yuli da Agusta da hazo mai jiƙa kaya a kan igiya, masu dankalin Turawa a Bokkos da Mangu na fargabar cutar da ke ƙone ganye. Mulufi, wanda duk rani yake yawo da tufafin gwara ba mai kula shi, ya sa jar riga ya hau kan ciyawa yana kumbura. Ranar da ya fara tuɓe ta, kyasuwa ta yi ja, mun dawo inda muka fara.

Ana yawan tambayata ko lokutan sun gurɓace. Abin da na fi gani da idona shi ne shaidun ne ke ƙarewa. Ɗorawa uku da na fi daɗewa ina bi, biyu sun zama gawayi, ɗaya an yi shago a gurbinta. Bishiyar cikin gari kuma ba a cika yarda da ita ba: tana shan ruwan wanke-wanke duk rani, siminti na dafa ta, fitila na hana ta dare. Tunda ke malama ce, ga aikin da ba ya cin ko sisi. Ki zaɓi itatuwa biyar a hanyar makaranta waɗanda ba mai ba su ruwa, ki raba wa 'yan aji, kowace Litinin su rubuta abin da suka gani: toho, gunda, fure, 'ya'ya, kaɗe ganye. Bishiyar ta zama ita ce dai kowace shekara, kada a canza. Kada ki sa tumfafiya ko boganbiliya a ciki, su kusan kullum cikin fure suke. Shekara uku ba za ta gaya miki komai ba, goma za ta fara magana.

Yanzu ɗauko takarda. Kakarki ta ba da shaidu uku. Tutun ɗorawa ya tsare mu tsakanin Janairu da Maris, da ɗan saura zuwa farkon Afrilu. Azumi kuwa ba ya faɗowa cikin waɗannan watanni sai 'yan shekaru a jere, sannan ya tafi ya yi sama da shekara ashirin. A zamanin da muke magana, azumin 1959 ya kama wajen 11 ga Maris, na 1960 wajen 28 ga Fabrairu, na 1961 wajen 17 ga Fabrairu, na 1962 wajen 6 ga Fabrairu, da bambancin kwana ɗaya ko biyu na ganin wata. Ranar da ke takardar kotu kuwa, 1 ga Janairu 1965, ko azumin ba a kama ba, ana ƙarshen Sha'aban. Shaida na uku ya yanke sauran: an sami mulkin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, kuma yaron na bayanta, don haka 1961 da abin da ya biyo baya sun fita. Saura biyu. In azumin 1959 ne, daga tsakiyar Maris zuwa wajen 9 ga Afrilu, lokacin tutu ya fara ƙarewa sabada ta fito, kuma ranar bikin yaron na da shekara ɗaya da rabi, yana tafiya da ƙafarsa ko da ana goya shi. In na 1960 ne, watan Maris ne kusan cif, tutu na kan ganiyarsa a tudu mai sanyi irin Bukuru, yaron kuma na da wata shida zuwa bakwai a Oktoba, goyo sosai. Ni na fi karkata ga Maris 1960, wato mahaifinki ya girmi takardarsa da kusan shekara biyar.

In akwai gwaggonki da ta girme shi, ki kai mata goro ki yi mata tambaya biyu: ranar bikin nan yana zaune ne ko yana tafiya, kuma sunansa kafin ƙaramar salla aka yi ko bayanta. In ta ce bayan salla, to a makon ƙarshe na azumi aka haife shi, wajen 22 zuwa 28 ga Maris. Ki gaishe min da shi, ki ce ina tambaya ko Labaran ake ce masa a gida.